Bawul Biyu da Hannun Taubashina

Tun muna yara hannun taubashina bai taɓa barina na huta ba. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da aka aurar Shinkafi, ni kuwa a Ƙaura Namoda aka haife ni, nan na girma. In muka haɗu, kafin in gama sallama hulata ta bar kaina. In ina cin nama, tsokar da na ture gefe don in ƙarasa da ita, ita zai ɗauke. Ya taɓa tafiya da sababbin takalmana ranar Sallah, ya bar mini wasu silifas da ba su ma yi kama da juna ba. Ni ma ba na ƙyale shi, kada ku ɗauka waliyyi ne ni. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har muka yi aure muka haihu ba mu daidaita a kan wane ne bawan wani ba. Haka wasan taubasai yake. Ba a kai ƙara, ba a fushi, in ma ka yi fushi kai za a yi wa dariya.

Da muka girma shi ya zama bakanike, yana da rumfa kusa da kasuwar Shinkafi. Ni na zama malamin dabbobi. Bayan an ba mu jiharmu ta Zamfara aiki ya ƙaru, aka riƙa tura ni rugage ta wajen Jangeru da Katuru, inda rairayi yake cinye ƙaramin babur har gindi. Sai na samu wani dogon babur a gwanjo, irin na shiga daji, mai tayoyi masu haƙora. Ni gajere ne, in na tsaya a kansa da yatsun ƙafa nake taɓa ƙasa, kuma taubashina bai taɓa gajiya da faɗa wa jama'a wannan ba. Amma shi kaɗai nake bari ya taɓa injin.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na kai masa babur ɗin don ya ɗaure sarƙa ya duba birki. Na tarar da mutane sun yi cincirindo a bakin rumfarsa suna kallon wani abu da ban taɓa ganin irinsa ba: babur mai ƙafa huɗu. Yana da hannu da sirdi irin na babur, amma ga tayoyi huɗu ƙattai, gajeru, kamar an hura su da baki. Ana ta musu ko babur ne ko mota. Na wani tsohon malami ne a Zurmi, daga gidan alƙalai, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Ɗansa ne ya shigo masa da shi ta Nijar don ya riƙa zuwa masallaci da gona ba sai an goya shi ba. Yanzu ya ƙi tashi, an ɗoro shi a a-kori-kura an kawo, an kuma nemi kayansa Ƙaura da Gusau an rasa.

Taubashina ya fizge hulata ya ɗora a kan tasa, ya ce, "Aje mashin ɗin nan, bawa, tahi ka duba zawon shanunka."

Na zage shi yadda aka saba, na wuce kara, kasuwar dabbobi.

Da la'asar na dawo na iske mai ƙafa huɗun nan yana ta ruri, hayaƙi na fita, jama'a na tafi. Taubashina sai washe baki yake, har ya mayar mini da hulata da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Na ga kan injina ya sha wanki, yana ƙyalli, na ce a raina yau bawa ya yi hankali. Na taka, ya tashi, na kama hanyar Ƙaura.

Ba a jima ba babur ya canza hali. In ina tafiya a hankali lafiya lau, da na murɗa masa mai sai ya kama tari yana ja da baya. Na canza fulogi, na wanke kafireta, na zargi masu sayar da man bakin hanya. Ran nan ina dawowa daga Jangeru, a tsakiyar rairayi, rana a tsaka, ya yi wata ƙara ya mutu. Na taka kik na ji ya tafi ƙasa salalam, kamar na taka tuwo. Na yi ta takawa har cinyata ta ɗauki rawa. Ƙarshe wani mai amalanken shanu ne ya ɗauke mu, ni da babur da akwatin allurai, ya kai mu bakin titi, yana tambayata ko ita ma wannan dabbar zan yi mata allura. Motar da na samu mai zuwa Ƙaura ce, shi ya sa ban bi ta rumfar taubashina ba.

A Ƙaura na kai shi wajen wani dattijon bakanike kusa da tasha, mutum mai murya kamar yana kiran wani a hayin gulbi. Ya buɗe kan injin. A cikin kan injin irin nawa akwai bawul guda biyu, kamar dogayen ƙusoshi masu faffaɗan kai, ɗaya yana buɗe wa mai ya shiga, ɗaya yana buɗe wa hayaƙi ya fita. Kowanne yana da sifirin biyu da suke mayar da shi ya rufe, babba da ƙarami a cikinsa. Wannan duk a ranar na koya. Dattijon ya zaro bawul ɗin hayaƙi ya ɗaga shi sama. Bakin bawul ɗin ya ƙone, ga kuma alamar an goge shi da ƙarfi don a ɓoye ƙunar. Ya matsa sifirin da yatsu biyu, ya lanƙwashe ba gardama.

Ya ce, "Malam, wanga bawul ba na mashin ɗinka na ba."

Na ce, "Na wa ne to?"

"Ni ƙaƙa zan sani? Abin da nis sani, an cire naka masu lahiya an sa ma matattu. Sata anka yi ma, tsakar rana."

Nan take na tuna da mai ƙafa huɗu yana ruri, na tuna da hular da aka mayar mini. Wallahi dariya ce ta kama ni, har na dafa bango. Na ce, "Ai na san ɓarawon! Bawana ne na Shinkafi, ɗan gwaggona. Bari in kama shi."

Na faɗe shi ne yadda na faɗe shi sau ba adadi tun ina yaro. Amma da na ɗago kai, ba wanda yake dariya. Direbobi ne zaune a benci da 'yan kamasho da mai shayi, duk sun zuba mini ido.

Dole in tsaya in faɗi wace shekara ce, don yaran yanzu ba za su gane shirun nan ba. Shekarar da aka fara aiki da Shari'a ce a jiharmu. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma ban fasa ba. Amma labarin hannu na farko da aka yanke ya riga ya zagaya kowane gari, kuma kalmar ɓarawo ta yi wani nauyi da ba ta da shi a da. Mutane sun daina jefa ta a wasa. Ni kaɗai ne bakina bai samu labari ba. Na ce musu wasa nake, taubashina ne. Dattijon ya ce shi bai san taubashi a cikin inji ba, ya san bawul. Magana zarar bunu ce, kuma tawa na zare ta ne a tasha, inda kowace mota mai fita take da kunne.

Lokacin ba wayar hannu. Ni ba babur, ga aiki ya riƙe ni, na ce sai Alhamis in je in ja masa kunne. Ashe maganar ba ta jira Alhamis ba, ta hau motar farko. Kafin in ankara mutane sun fara tare ni a hanya suna yi mini jaje. Wani ya ce ya ji an kwashe mini inji ɗungurum. Wata maƙwabciya ta aiko da kunu. Ina cewa ba a sace mini komai ba, sai a girgiza kai a ce, "Allah sarki, jini ya fi ruwa kauri." Wasu samari daga cikin masu sa ido a kan sabuwar doka suka zo har gida, cikin ladabi ƙwarai, suka tambaye ni ko zan tsaya shaida. Na ce shaidar me? Babbansu ya ce, "An cire kayanka ko ba a cire ba?" Na ce an cire. "Da saninka?" Na ce a'a. "To mene ne sunan wannan?" Ya ƙara da cewa rufa wa mai laifi asiri don zumunta shi ma abin tambaya ne gobe kiyama. Suka tafi suka bar ni tsaye a zaure ban san ko ni ne mai ƙara ko mai laifi ba.

Da hantsi washegari sai ga gwaggo. Tsohuwa ce da ba ta shiga mota sai dole. Matata ta kawo mata ruwa ta ƙi karɓa, ta ƙi zama a tabarma, ta tsaya a tsakar gida da mayafinta a karkace.

Ta ce, "Kai na wanga? Kai na kac ce a yanke hannun ɗan'uwanka?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi ban ce ba."

"Hannun da kunka ci tuwo akushi guda? Da shi shika ciyad da ni, da shi shika ciyad da ɗiyanai. In an yanke shi, da mi za shi riƙa sifana, da haƙori?"

Sai ta fashe da kuka. A nan na ji sauran labarin. An ce masa kada ya bar gari. Masu babura sun zo sun kwashe abinsu daga rumfarsa, wasu ma ba a gama haɗawa ba, a buhu suka zuba. Shi kuma ba ya cin abinci, yana zaune ya cusa hannun dama a hammata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ban san ko abin zai kai can ba, ba kuma wanda ya sani a cikinmu, don dokar sabuwa ce a hannunmu, kowa da abin da yake faɗa. Na bar aikin ranar na bi ta Shinkafi.

Na same shi kamar yadda ta faɗa, a rumfar da ba kowa. Na tsaya a gabansa da hula a kaina, bai ko kalle ta ba. Tausayi ya kamata in ji, amma ni mai zuciya ne, sai faɗa ya zo mini. Na ce wane irin shashanci ne wannan? Ka bar ni a rairayi kamar mushen jaki!

Ya ce, a hankali, "Kan injin nan iri guda na, naka da na Malamin Zurmi. Nig ga shi tsoho na, ba ƙahwa, abin kuma nauyi gare shi. Kai ko ɗan hiriri, iska ma na tura ka. Nic ce na Malam su riƙe ka kahin direban Kano shi kawo min sababbi, in maida ma ba ka sani ba."

"To me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Yaushe nit taɓa tambayarka?"

Gaskiya ce, bai taɓa ba, ni ma ban taɓa ba.

Dattawan unguwa suka ba da shawara cewa kafin maganar ta kai kotu a tafi Zurmi wajen malamin, tunda kayan suna cikin abin hawansa, kuma ya san hukunci fiye da mu duka. Samarin Shinkafi masu sa ido a kan dokar suka yarda, suka haɗa mu da ɗaya daga cikinsu. Muka biya Ƙaura muka ɗora babur ɗina a a-kori-kura da kan injinsa a cikin kwali. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu. Duk tsawon hanyar nan hannun taubashina yana hammatarsa, ni kuma idona ya ƙi barin wurin.

Malam yana zaune a buzu a ƙofar zaurensa, ƙafafunsa a miƙe sun sirance, mai ƙafa huɗun yana gefe a inuwar darbejiya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Saurayin ya zayyana magana tsaf, ni na zayyana tawa a hargitse, ina farawa daga hula da takalman Sallah. Malam ya saurara yana shafa gemu.

Ya ce, "Ashe duk kwanakin ga bisa kayan wani nika zuwa masallaci? To abu mai sauƙi na. A buɗe, a maida ma kowa nashi, sannan mu yi magana."

Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin ba wuya. Taubashina ya fito da hannunsa a karo na farko, ya kwance kan injin mai ƙafa huɗu. Ya ciro bawul biyu da sifirin ɗinsu, ya kwaso na cikin kwalina, ya wanke su duka a fetur kamar yadda ya saba, ya zuba a faranti guda ya ajiye gaban Malam.

Malam ya ce, "To, ware."

Taubashina ya sunkuya ya ɗauki bawul mai ƙuna, ya ce wannan na Malam ne. Har nan mun fahimta. Ya ɗauki na biyu ya juya shi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya ce kamar bai canza na shan mai ba, na hayaƙi kawai ya canza. Sai ya ce a'a, ya canza, ya ga bai zauna ba, ya mayar. Ko kuwa ya goge ƙarshensa ne ya zauna? Ya auna biyun da juna, ga su tsawo ɗaya. Da aka zo sifirin abin ya ƙarasa lalacewa. Ya ce manyan nawa ya sa wa Malam, ƙananan ya bari. Sai ya tuna ɗaya daga cikin ƙananan ya yi tsalle ya faɗa rairayi ya ɓace, ya ciro wani daga mataccen babur da ya daɗe a bayan rumfa, wanda mai shi ya tafi ci-rani bai dawo ba. Na wa ya sa wa wannan ɗin? Ya dafa kai.

"Allah shi gahwarta Malam, wallahi na rikice."

Saurayin ya matso ya leƙa farantin, ni ma na leƙa, har gwaggo ta miƙo wuya. Ƙarafuna ne guda goma sha biyu masu warin fetur, ba wanda aka rubuta wa suna. Ni da aka ce an yi wa sata ban iya nuna abin da aka sace mini ba. Malam da aka ce kayan suna wajensa bai san wanne zai mayar ba. Ga kuma wani mutum na uku a can ƙasar ci-rani da bai san yana cikin shari'ar ba. Na ji dariya tana taso mini, na tuna inda dariya ta kai ni, na haɗiye ta.

Malam ya ture farantin gefe. Ya dubi saurayin ya ce masa su kwantar da hankalinsu, ba maganar yanke hannu a nan ko kusa. Abin da mutum ya ɗauka ya miƙa maka da hannunsa don ka riƙe ko ka gyara, in ka taɓa shi, ba sata ba ce irin wadda ake yanke hannu a kanta. Wannan sunansa daban, cin amana ake ce masa.

Gwaggo ta kifa goshi a ƙasa tana hamdala. Ni ma na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Saurayin ya gyaɗa kai, ya ce to zai koma ya faɗa wa jama'a cewa ba sata ba ce, cin amana ne.

Sai taubashina ya miƙe tsaye, a gaban Malam, abin da ba a yi.

"Ni ban ci amana ba."

Gwaggo ta ja rigarsa, ya fizge.

"Allah shi gahwarta Malam, in anka tahi Shinkahi anka ce bakanike ya ci amana, wa za shi sake aje min mashin? Hannun mi zan yi da shi? Gara a yanke shi a ce ɓarawo, in san na gama. Ni kayan taubashina niɗ ɗauka. Ban ɗauki na kowa ba."

Ya manta da mai ci-rani, amma ba wanda ya tuna masa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na zo ne don in ceci hannu, an ceto shi, ga mai hannun yana cewa a yanke. Kuma na ga gaskiyarsa, don rumfar da na gani ba kowa, ba alƙali ne ya kwashe ta ba.

Malam bai yi fushi ba. Ya juyo gare ni. "Kai mai mashin. Da ya tambaye ka, da ka ba shi?"

Na so in ce i, a wuce wurin. Amma a gaban wannan tsoho ƙarya ta ƙi fita. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, da ya tambaye ni da na hana shi, har in zage shi."

Gwaggo ta yi salati.

Na ce, "Amma da ya ɗauka duk da haka. Ni kuma da na gane, da na yi dariya, in je in kwashe masa sifanoni ko in tafi da agogonsa. Dariyar ma na yi ta, ita ce ta kawo mu nan."

"To ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Ban sani ba, Malam. Tsakaninmu ba a tambaya, shi ya sa ba a yarda, ba a kuma ƙi."

Malam ya ja carbinsa. Sannan ya yi murmushi ya ce shi ma yana da taubashiya da ta taɓa tafiya da akuyarsa, har ta mutu ba ta dawo da ita ba. Ya ce al'adar mutane tana da wurin zama a hukunci in ba ta karya doka ba. Tunda mai kaya ya ce haka suke tun suna yara, kuma bai nemi komai ba, to ba sata, ba cin amana, wauta ce ta 'yan'uwa, haka za a je a faɗa. Sai ya nuna taubashina da carbi.

"Amma kai, zamani ya sake. Daga yau, ko allura ta, ko ta wa ta, ka tambaya kahin ka taɓa."

Taubashina ya durƙusa ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

Farantin nan kuwa ba a taɓa warware shi ba. Na ce a zaɓa wa Malam masu ƙarfin, tunda ni ina da ƙafafu. Aka haɗa nawa da abin da ya rage, daga baya sabon bawul ya zo daga Kano aka sa mini. Ya tashi, ya ci gaba da kai ni Jangeru da Katuru, sai dai ya riƙe wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, da ba bakaniken da ya gano daga ina take. Saurayin ya cika alkawari, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Sannu a hankali babura suka dawo rumfar. Gwaggo ta aiko mini da ƙuli-ƙuli da man shanu. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, an gama lafiya, ni ma haka na ɗauka.

Da abubuwa suka lafa, wata Alhamis na sa sabuwar hula, na karkata ta gaban goshi da gangan yadda za ta yi daɗin fizga. Na sayi tsire a bakin kasuwa, na tsaya a rumfarsa, na buɗe takardar a kan sirdi, na ture tsoka mai kitse gefe. Na ce, "Ina bawan nan nawa? Fito ka gaida ubangidanka."

Ya fito daga ƙarƙashin rumfa. Ya goge hannunsa da tsumma sosai, yatsa bayan yatsa. Ya miƙo mini shi, na dama, ya tallafe shi da na hagu kamar yadda ake gaida baƙo mai daraja.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya? Ya iyali?"

Na ce, "Wane ne Malam? Kai, ka ga nama."

"Na gode, na ƙoshi." Ya dubi babur ɗin, ya saurari ƙarar nan. "In taɓa shi?"

Na zaci wani sabon wasa ne ya ƙirƙiro, na jira ya fashe da dariya. Bai fashe ba. Na zage shi zagin da ya fi kowanne, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Na ɗauke masa sifana a gabansa na sa a aljihu, ya ce in ina so in riƙe, yana da wata. Na fito da ita na ajiye masa, kunya ta kama ni kamar ni ne na yi sata.

Shekaru sun wuce yanzu, mu duka mun yi furfura. Muna zumunci, yana zuwa sunan jikokina, ina zuwa nasa. Na sha zama in lissafa wa zan ɗora wa laifi, shi da ya cire, ko ni da na yi dariya a tasha, ko dattijon mai murya, ko Malam da ya faɗi abin da yake daidai. Abin ya zame mini kamar farantin nan, na ɗauki wannan in ajiye in ɗauki wancan. Hannunsa na nan lafiya, yatsu biyar, har yau yana ɗaure inji da shi. Ni kuwa duk lokacin da zan shiga Shinkafi sai na tsinci kaina ina karkata hula, kuma kullum da ita nake komawa gida.